Ƙarshen da Ba a Nuna wa Ummi Ba

Tunis

Yaya Wasila,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki daidai gwargwadon abin da addini ya wajabta mini, ragowar gaisuwar kuma ki miƙa wa Ummi. Tunda kin toshe lambata kamar ta wani ɗan damfara, na koma zamanin kakanninmu, takarda da biro da Baffa Bilgasim direba. Ya yi mini alkawarin zai ba ki hannu da hannu in ya shigo Jarjis. Ki yayyage ta in kin ga dama, amma ki fara karantawa.

Na koma wurin likitan ido da hotunan da aka ɗauka, bai ɓoye mini komai ba. Idon Ummi na hagu ya tafi, ba ya dawowa. Na daman ana iya ceto shi, amma sai an yi aiki kafin bazara ta fita, sannan ta zauna nan Tunis na 'yan makonni yana duba ta. Ya ba mu rana. Matata Sawsan ta gyara ɗaki, har labule ta canza. Abin da ya rage kawai a sa Ummi a mota.

Na san amsarta, ba sai kin rubuto mini ba. "In Nizar ya dawo ya tarar ba na gida fa?" Yaya, ƙanenmu ya shiga kwale-kwalen masu tsallaka teku zuwa tsibirin Lambadusa tun shekarar juyin juya hali. Yaran da aka haifa a shekarar yanzu gashin baki ya fara fito musu. Babu waya, babu saƙo, babu ko takalminsa. Ummi kuma tana zaune a tsakar gida, ƙofa a buɗe, ido yana tsiyayewa.

Ni na san mai hura mata wannan wutar, kuma ba limamin unguwa ba ne. Katun ne, zanen yara na talabijin. Ɗan Mai Fitila ne da kike sa mata kullum bayan la'asar saboda Nizar yana sonsa yana yaro. Mu ukun mun kalle shi a kan tabarma ɗaya, don haka ba sai na tuna miki ba: Marwan ya tura jirginsa cikin teku, uwarsa tana hawa hasumiya kowace yamma ta kunna masa fitila. A fitowar ƙarshe da aka nuna mana jirgin ya ɓace wa gani, sai tsohon nan mai ba da labari ya gyara murya kamar an zuba masa zuma ya ce, "Marwan zai dawo, ya ku yara, uwarsa kuma ba za ta kashe fitilar ba."

To wannan maganar babu ita a ainihin katun ɗin na Japan. Masu ɗora muryar Larabci ne suka ƙirƙiro ta. Sun datse fitowa biyu na ƙarshe suka jefar, don kada yaran Larabawa su yi kuka su ƙi cin kuskus. Yaron ma ba Marwan ne sunansa ba. An yi mana wayo muna ƙanana, wasu mun girma mun gane, wasu kuma har yau suna koyar da 'yan firamare.

Fitowa biyun suna cikin filashin da ke ambulan ɗin nan, na fassara su da kaina. Guguwa ta taso, washegari hularsa tana yawo a kan ruwa, uwar ta hura fitilar ta sauko. Ki nuna wa Ummi. Ba ta jin maganata, ba ta jin ta likita, amma tana jin ta Marwan. In ta ga uwar ta sauko daga hasumiya, ita ma za ta sauko.

Ki huta lafiya in kina iyawa.

Ƙaninki,
Lutfi

Jarjis

Si Lutfi, alƙalin alƙalan zanen Japan,

Wa alaikumus salam. Ummi lafiyarta ƙalau in ban da idon. Gaisuwarka tana nan a wurina, ban miƙa ba tukuna, ina duba ko ta cancanta.

Na kalli abin da ka aiko a makaranta lokacin tara. Sai da na gama na tuna ban ci gurasata ba, don takaici. Wato ka zauna a Tunis, ka sha kofi, ka shafa gemu, ka yi tunani iya tunaninka, dabarar da ta zo maka ita ce a nutsar da yaro a gaban uwar da teku ta riƙe wa ɗa. Allah ya ƙara basira.

Tunda sana'arka ba da maki ce, bari in ba ka nawa. Kada ka manta ni na koya maka riƙe fensir, ni nake zana maka Marwan a bayan littafin lissafi kana kuka in na ƙi. Fitowa biyun nan ba hannun da ya zana na farko ne ya zana su ba. Fuskar uwar ta kumbura. Yatsunta sun koma kamar cokula. Igiyar ruwa ɗaya suke ta maimaitawa, har na gane ta, na fara gaishe ta. Karen yaron da ke cikin jirgin tun farko kuma ina ya shiga? Ko shi ma masu ɗora murya ne suka cinye shi? Aikin gaggawa ne, ko makaho ya shafa zai gane.

Na ga bidiyonka ma, wanda ka ba fassarar Larabci huɗu bisa ashirin kana cewa an shayar da mu ƙarya da cokali. Ba nema na yi ba, Khala Mabruka ce ta tare ni a wurin mai kifi da wayar jikarta a hannu. Ta ce, "Wasila, wannan mai ihun ba Lutfin Shadliya ba ne?" Na ce shi ne. Ta ce, "Da gemunsa? A kan katun?" Na ce, "Khala, a Tunis aiki ne." Ta ce, "Allah ya ba uwarsa haƙuri." Na ce amin da ƙarfi.

Bari in gaya maka abin da ba ka gani, tunda kai baƙon salla ne a gidan nan. Bayan la'asar Ummi takan dafa shayinta da na'ana'a, ta ja kujera, ta ce, "Sa mini yaron." Hoton ba ta ganinsa yanzu, sai launi-launi. Tsohon da kake zagi shi ne idonta. Shi ke gaya mata Marwan ya ɗaga tantin jirgi, kare ya sace kifi, uwar ta hau matakala. In karen ya yi ɓarna takan yi dariya har ta riƙe ciki. In tsohon ya ce zai dawo, takan amsa masa, "In sha Allah, ɗan albarka." A yini gaba ɗaya wannan ne kaɗai lokacin da nake jin dariyarta, shi ne kake so in kashe da hannuna.

Kana tsammanin ni ba na son a yi aikin? Ni ke tsince mata ƙaya a kifi. Ni na kama ta shekaranjiya za ta zuba gishiri a shayi. Na yi magana har bakina ya gaji. Na ce, "Ummi, idonki fa." Ta ce, "Nawa ne ko naki?" Na ce, "In kika makance gaba ɗaya fa?" Ta ce, "Kunne na nan. Muryar ɗana ba za ta ɓace mini ba ko cikin kasuwa ne." Daga nan ta juya mini baya. Ina jin tsoro, Lutfi, na faɗa maka. Amma tsoro bai sa na zama mara imani ba.

Filashinka yana cikin ambulan. Baffa Bilgasim ya ce in gaya maka shi direba ne, ba ma'aikacin gidan waya ba, kuma fuskokinmu in muna miƙa masa takarda suna ɓata masa tafiya.

Wassalam.

Yayarka, ko kana so ko ba ka so,
Wasila

Tunis

Lella Wasila, uwar masu imani,

Salamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da Khala Mabruka da sauran manyan masana zane na bakin kasuwar kifi.

Na karanta sharhinki. Yatsu kamar cokula! Uwa tana makancewa, ke kina ƙirga yatsun katun. Na yarda zanen ya ɗan yi rauni, amma ƙarshen labari ba da yatsu ake auna shi ba, da ƙarfin zuciyar masu yinsa ake aunawa. Japanawa ba sa raina yaransu. Sun san teku tana cin mutane, suka nuna. Ki sake duba wurin da guguwa ta lafa. Babu mai ba da labari, babu magana ko ɗaya, babu kiɗa, sai ƙarar ruwa har a gama. Su in abu ya yi nauyi shiru suke yi. Mu kuwa duk inda aka yi shiru sai mun cusa tsoho ya yi ta surutu a kai, kamar baƙon da ba ya barin mai gida ya haɗiye loma. Wannan shirun kaɗai ya isa in ba ƙarshen nan sha takwas bisa ashirin, kuma shi ne na gaskiya.

Kin ce ni baƙon salla ne. Kin taɓa tambayar dalili? In na kira ta, kafin in ce komai sai in ji, "Alo, Nizar?" Sai in ce, "Lutfi ne, Ummi." Sai ta ce, "Au, Lutfi. Ya aiki?" Wannan "au" ɗin nake haɗiya shekara da shekaru. Da na kawo mata Rihab bara, ta ɗora ta a cinya, ta shafa fuskarta ta ce, "Hancin Nizar ne sak." 'Yata ce fa, hancina ne. Ina tsaye a gefe kamar direban da ya kawo su. Gidana ba ta taɓa takawa ba, ko ranar suna.

Ina jin haushin Nizar, ki rubuta ki ajiye. Ya tafi ya kwashe uwar gaba ɗaya, bai bar mana ko rabi ba. Kuma ina kewarsa har wani lokaci in na ga yaro da hular kamun kifi irin wadda yake sawa yana cewa shi ne Marwan, sai in tsallaka titi. Duka biyun suna cikina, ba sai kin koya mini imani ba.

Dariyar bayan la'asar da kike gadi, da idonta take biyanta. Ke kin zaɓi ta yi dariya a cikin duhu. Ni na zaɓi ta yi kuka na mako guda ta ga fuskar jikarta. Ki gaya mini wanene mugun a cikinmu.

Na mayar miki da filashin. In kika sake dawo da shi, da ƙafata zan kawo shi.

A gaida Ummi, wannan karon ki miƙa.

Lutfi

Jarjis

Lutfi,

Salam. Muna lafiya. Na miƙa gaisuwar, ta ce Allah ya yi maka albarka, ta tambayi tarin Rihab. Ka ga ashe tana tunawa.

Wasiƙarka ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Har na ɗauki filashin na nufi talabijin. Sai na ce bari dai in ji abin da babban alƙali ya taɓa faɗa a kan fitowa biyun nan, tunda ba ka bar wani katun a duniya ba ka yanke masa hukunci ba. Na bi bidiyoyinka baya-baya har na kai zamanin da ba ka da tumbi. Sai ga ka a tsohon ɗakinka na haya, da littafi a hannu kana kaɗa shi kamar mai wa'azi.

Bari in tuna maka abin da ka ce, na saurara har na haddace. Ka ce, "Jama'a, kada a yaudare ku. Matar da ta zana manga ɗin nan, littafin zanen da aka ɗauko labarin daga ciki, ba ta taɓa kashe yaron ba. Ta ajiye alƙalami labarin bai ƙare ba, ba ta kuma sake ɗauka ba. Masu yin anime, masu mayar da littafin katun, su ne lokaci ya ƙure musu, suka nutsar da shi don su tashi daga aiki." Ka buɗe shafin ƙarshe ka nuna wa duniya: yaron ya ba mu baya, yana tuƙi, karensa a gaban jirgi. Sannan ka ce, "Wannan ƙarshen na ragwaye ne. Shida bisa ashirin, shi ma don ƙarar ruwan."

Shida a bidiyo, sha takwas a wasiƙa. Wane Lutfin zan yarda da shi? Makin naka ashe kamar farashin tumatir yake, ya danganta da wanda ya zo saye.

Wato ƙarshe uku ne. Larabawa suka ce zai dawo, masu anime suka ce ya nutse, mai labarin kuma ba ta ce komai ba. Ka san duka ukun, ka zaɓi wanda zai yi maka aiki, ka lulluɓe shi da sunan gaskiya ka aiko mini in ɗura wa uwarmu. Mene ne bambancinka da tsohon da ka ba huɗu? Shi ya yi ƙarya don yara su yi barci da daɗi. Kai ka yi taka don tsohuwa ta yi kuka. Shi ko banza muryarsa da daɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ka mayar da ni sakarya. Na gaya maka hannun ya canza, na tambaye ka ina karen, ka yi mini dariya da manyan masana na kasuwar kifi, alhali ka san na gano.

Ga filashinka na sake mayar maka. Kada ka zo. In ka zo da abin nan, wallahi a ƙofa za mu raba hali, unguwa ta sha kallo.

Wasila

Tunis

Yaya,

Salamu alaikum. E, na sani, kuma ban ji kunya ba. Yaron littafi zai iya yin shekara ɗari yana tuƙi, takarda ce, ba ya jin ƙishirwa. Nizar ba takarda ba ne. Da akwai ƙarshe na huɗu da zai sa Ummi ta shiga mota, da shi zan aiko, ko waye ya zana.

Daga wurin likita sun kira. In ba mu tabbatar ba kafin mako mai zuwa, za su ba wani ranar, kuma ba su da wata sai bayan bazara. Kin san abin da hakan yake nufi.

Ina nan zuwa ranar Juma'a. Ki tara unguwar, ki sa wa Khala Mabruka kujera a gaba.

Sai na zo.

Lutfi

Jarjis

Lutfi,

Assalamu alaikum, duk da kai ba ka ga damar yi mana ita ba ranar Juma'a. Ina fatan ka isa lafiya. Baffa Bilgasim ya ce tun daga Jarjis har Safakis ba abin da kake yi sai share hanci.

Tunda ka gudu ba ka ga ƙarshen abin da ka haɗa ba, bari in ba ka labari. Ka shigo ko sallama babu, ka tsaya ƙiƙam a bakin ƙofa da jakarka kana hararata, Ummi na zaune a gabanka. Na ja ka kicin don kada ta ji, kai kuma ka buɗe murya kamar kana gaban kyamara. Hula, guguwa, manga, shida, sha takwas, babu abin da ba mu zazzage ba. Ni ma na yi ihu, ban ce ban yi ba. Har sai da muka ji sandarta a ƙofar kicin.

"Ku biyun nan, makauniya aka ce muku ko kurma?"

Ta ce, "Ku sa mini abin." Na ce, "Ummi, ba na gaskiya ba ne." Ka ce, "Ummi, wanda kike kallo ne ba na gaskiya ba." Ta ce, "Na ji ku. Duk kun iya baki. Ku sa."

Ka durƙusa kusa da kujerarta kana karanta mata fassarar. Zan ba ka wannan, ka karanta da kyau, har zuwa lokacin da guguwa ta taso. Yaron ya kira uwarsa sau ɗaya, ka kasa fassarawa, ba ta kuma buƙaci fassara ba. Da ruwa ya lafa, shirun nan naka mai maki sha takwas ya fara, sai ka miƙe ka ɗauki jakarka ka fita. Jarumin gaskiya ke nan. Ka kawo wuƙa tun daga Tunis, da aka zo yanka ka bar ni da ita a hannu.

Ta ɗan jira, ta ce, "Wuta aka ɗauke?"

Na ce, "A'a, yana yi."

"To ina tsohon? Me ya same shi ya yi shiru?"

"Babu tsoho a wannan, Ummi. Na Japan ne."

"Su Japanawan ba su da mai yi wa mutane bayani? To me ake nunawa?"

Na ce mai fassarar ya gudu. Ta ce ba shi ta tambaya ba. Na ce, "Ummi, ki yafe mini, bakina ba zai faɗa ba." Sai ta tashi da kanta, ta lallaɓa har gaban talabijin, ta kai fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta rufe idon hagu da tafin hannu kamar yana hana na daman aiki. Ta ce, "Ina ganin shuɗi. Ga wani abu fari-fari yana motsi. Hula ce, ko kan mutum ne yana iyo?" Na ce ai ta ji abin da ka faɗa a kicin. Ta ce, "Shi ya ce hula, ke kin ce ƙarya ce, wancan tsohon ya ce zai dawo. Kowa da abin da yake gaya mini." Ta sa na mayar baya, ta sake dubawa, ta sake sa na mayar. Daga ƙarshe ta ce in kashe, ta koma kujerarta. Shayin ya huce ba ta taɓa ba.

Tun ranar ba ta sake cewa "Sa mini yaron" ba. La'asar takan yi, in kawo shayi, in tsaya ina jira, ita kuma tana zaune tana fuskantar ƙofa. Ba ta yi kukan mako gudan da ka tsara mata ba. Ba ta kuma ce komai game da Tunis ba, na tambaya ta ɗaga mini hannu. Ga sakamakon aikinka, Si Lutfi: dariyar ta tafi, idon ma yana bin ta. Ka ba kanka maki da kanka, ni hannuna ba zai iya rubuta shi ba.

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda nake jin naka ba. Kada ka rubuto mini. Ka kira likitan ka ce ya ba wani ranar.

Wasila

Jarjis

Ɗana Lutfi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Sawsan, a sumbaci Rihab. Ni ke faɗa, Wasila ke rubutawa, na kuma rantsar da ita kada ta ƙara gishiri.

In ba ka kira likitan ba, kada ka kira. In ka kira, ka sake kira ka ba shi haƙuri. Ina zuwa ranar Talata, Bilgasim ya ce zai ba ni gidan gaba.

Kada ka yi murna, ba hularka ce ta tashe ni ba. Ban ga hula ba, ban ga komai ba. Ka ajiye mini katun ɗin da littafin matar nan, in an buɗe mini ido zan duba da kaina, ni ma in ba da makin. Na gaji da a gaya mini.

Ga abin da ya tashe ni. Ranar Juma'a wani dogon mutum ya tsaya a ƙofata bai ce komai ba. Na ɗauka mai kawo gas ne, har na buɗe baki zan ce ba mu buƙata. Sai da ka fara yi wa yayarka rashin kunya na san ɗan da na haifa ne. Tun ranar nake juya abin a raina. Ka san halin ƙaninka. In ya yi laifi ba ya sallama, a ƙofa yake tsayawa ya sunkuyar da kai har sai an ce masa shigo. Wanda ya yi shekarun nan bai kira uwarsa ba, ba da magana zai zo ba. Zai tsaya shiru, ni kuma in ce masa ba mu buƙatar gas.

Wasila za ta zauna, ƙofa ba za a rufe ba. Ranar da za a cire mini bandeji ka kawo Rihab kusa, kai ma ka tsaya kusa da ita, in ga hancin nan da ake ta rigima a kai.

Allah ya yi muku albarka, ya shirye ku.

Uwarka,
Shadliya

Ban ƙara gishiri ba. Lambarka tana nan a toshe. Ka je tasha da wuri, ka riƙe mata hannu wajen saukowa, ba ta ganin matakalar mota.

Wasila